Sunan da Ke Saman Shafi

Ɗaso maƙwabciyata ce a unguwar Tandabawi da ke Makka, kuma duk lokacin da na tuna zancenta sai raina ya ɓaci. Umra ta kawo ta daga Kano da ƙuruciya, ta zauna ba iƙama, wato takardar izinin zama. A nan ta yi aure, ta haifi Nora, a nan mijin ya rasu. Ɗanwake take sayarwa a ƙofar gida. Da ciniki ya ragu sai ta goge hannu ta ɗauki waya, ta hau rubuta labari da babban yatsa.

Labarinmu take rubutawa: matan da ke lafewa in sun hango motar 'yan sanda, 'yan matan da aka haifa a Makka amma ba ƙasar da ta san da su. Al'adar masu rubutu a waya kuwa, kowane shafi da sunan marubuci da lambarsa a sama. Mai gudun a kama ta a mayar gida ina ita ina wannan? Layin wayar ma da sunan ƙanenta Nasrullahi aka yanka, direba mai takarda. Sai ta sa sunansa.

Labarin ya bazu har Kano, ana karanta shi da murya ana turawa. Nasrullahi, wanda ko shafi ɗaya bai taɓa dubawa ba, ya koma sa turare yana amsa "Malam marubuci". Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

Na ce mata, "Haba Ɗaso, ko 'yarki ai kya faɗa wa."

Ta ce, "Ke Na'ima, Nora ba ta riƙe magana. Ta faɗa wa ƙawa ɗaya, sai tarhil, a tasa ƙeyarmu gida."

Nora ba ta iya karanta Hausa ba, Larabci ya fi kama bakinta, saurare take yi. Rannan ina zaune ta shigo da waya a kunne, idonta jawur, uwar na jefa ɗanwake a tukunya.

"Yumma, wallah ki ji wannan. Kawu ya san abin da ke raina. Ke ko sau ɗaya ba ki taɓa fahimtata haka ba."

Na buɗe baki, Ɗaso ta harare ni. Ta tsame ɗanwaken, ta ce, "Ƙara muryar mu ji, 'yar nan."