Hamani da Zakaran Ɗori

Hamani, mijin ƙanwata Zuwera, ɗan dako ne a tashar kamiyo, wato manyan motocin kaya, da ke bakin gadar Malanbil. Tun yana saurayi yake ɗaukar buhunan albasa, kuma ban taɓa ganin ya zauna ya ci abinci ba. A tsaye yake shan fura, a tsaye yake gardama. Mutum ne mai kirki, amma taurin kai ne da shi kamar jakin kasuwa.

Wata rana ya zamo daga saman lodi ya dira da ƙafa ɗaya. Ƙashin ƙwauri ya farfashe daidai idon sawu. Aka kai shi Dosso. Likita ya ɗauki hoton ƙashin, ya jira kumburi ya saɓe, sannan ya tsaga wurin, ya jera gutsattsarin ƙashin, ya ɗora musu faranti na ƙarfe da ƙusoshi. Ya ce kada ƙafar ta taɓa ƙasa sai shi ya ba da izini. In aka taka da wuri, ƙusoshin za su saki, ƙila har a kai ga yanke ƙafar.

Suna dawowa Gaya, Inna, mahaifiyar Hamani, ta kira Baba Auta maɗori. Ba ta raina aikin likita ba, ta dai ce ido biyu ya fi ɗaya. Baba Auta bai taɓa ƙafar ba. Ya yi abin da ya gada: ya karya ƙafar wani jan zakara, ya ɗaure ta da kara, ya ce ranar da zakara ya taka, mai karaya ma ya taka.

To fa! Ƙashin kaza ba ya daɗewa bai haɗe ba, shi kuwa Hamani ya fi yarda da zakara a kan likita. Ya ce, "Hoton lokotoro mi ni ka gani cikinai? Duhu da fari. Zakara kau ga shi gabana."

Zuwera ba ta yi musu ba. Ta sa zare ta naɗe ƙafar zakaran ta ƙarƙashin fiffike, ta kife shi da kwando. Kullum da safe sai ta fito da shi gaban tabarmar mijinta, ya yi tsalle ɗaya ya kife.

"Maigida, ka gani, bai kai ba."

"Tashi, raggon banza!" in ji Hamani. "Kai ka cin hatsi, ni ka zama!"

Haka aka yi ta yi. Zakara ya yi ƙiba, Hamani ya zage shi ya zagi kakanninsa. Labari ya zaga unguwa cewa hannun Baba Auta ya mutu. Tsohon ya zo a fusace, ya ɗaga kwando, ya laluba, yatsansa ya ci karo da zare. Ina wurin, a kan idona aka yi. Ya dubi Zuwera, ya dubi ɗinkin da ke ƙafar Hamani, ya daɗe yana kallo. Sai ya mayar da kwandon.

"Wanga zakara mugun ƙashi gare shi," in ji shi. "Ku yi ta haƙuri."

Ya fita ya bar mutane suna yi masa dariya.

Da likita ya sake ɗaukar hoto ya ce a fara takawa, Zuwera ta tsinke zaren. Hamani ya miƙe da sanda, idon sawun ya ɗan ƙage amma ƙafa tana nan. Zakara kuwa ƙafarsa ta shanye, har yau ɗingishi yake.

Hamani bai koma dako ba, yanzu gadin kaya yake a tasha. Ya hana a yanka zakaran. Duk wanda ya zo sai ya nuna masa shi ya ce, "Wanga bawan Allah shi ya ɗauke mini gurguntaka." Da hannunsa yake ba shi gero, abin da bai taɓa yi wa matarsa da ko ƙwayar goro ba. Abin yana ƙona mini rai.

Na ce mata, "Ke, ki gaya masa mana! Kaza na cin godiyarki kina kallo?"

Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Yaya, bar su. Ni ƙafa nike so, kuma ga ta can tana tafiya masallaci."