Kamiyon Malam Yunusu

Hanatu maƙwabciyata ce a unguwar Sabangali, busasshen kifi take sayarwa. Ubanta, Malam Yunusu, ya taso daga Katsina da iyalinsa za su Makka a wani tsohon kamiyo, wato babbar motar ɗaukar kaya. Motar ta mutu a garin nan, shi ma nan ya rasu, kullum yana cewa za a gyara a wuce. Wasiyyarsa ɗaya ce: kada motar ta bar ƙofar gida, don su matafiya ne, ba su iso ba tukuna.

Lokacin yaƙi duk muka gudu, muka haye kogi zuwa garin Kusuri. Da muka dawo babu mota. Dawuda, wan Hanatu, ya ce ta ƙone ƙurmus. Hanatu ta yi kuka kamar ranar da aka binne uban.

Wajen shekarar dubu biyu aka gyara wani tsohon gareji a cikin gari, aka jera tsoffin motoci don mutane su kalla. Bayan sallah 'ya'yan Hanatu da na Dawuda suka ɗauki shatar mota don zuwa kallo, suka kwashi kowa, har da ni.

Can ƙurya Hanatu ta tsaya gaban wani kamiyo da ya sha koren fenti. Ta shafa katakon gefensa, ta sami ƙugiyoyin da ubanta ya kafa don rataye salkar ruwa, ta tsakiya a karkace.

Ta juyo ta ce, “Yaya, ashe toka ma tana shan fenti?”

Dawuda ya ce, “Mota tana kama da mota. Rage murya, mutane na kallonmu.”

“Ai kallo suka zo yi.”

“To, ita ce. Ni na bayar. Akuyoyi ke kwana a ƙarƙashinta, wa za ta kai Makka? Ke da ko Masakori da ke nan kusa ba ki taɓa zuwa ba. Kalas, magana ta ƙare.”

“Da bakinka ka ce wuta ta cinye ta, kana kallona ina kuka. Allah ya isa tsakanina da kai.”

Ta ƙi shiga mota ɗaya da shi, da ƙafa ta koma gida cikin rana. Satin nan ta kira magini, ya ja katanga ya raba gidan gadon biyu. Famfo ya faɗa ɓangarenta. Na je ba ta haƙuri, ta ba ni tabarma da shayi, ta ce mu yi wata maganar.

Har Dawuda ya rasu, a gidana iyalinsa ke ɗiban ruwa.