Na Koyar da Sauraro, Ni Kuwa Ban Saurara Ba

Edita, lokacin da abin nan ya faru ina da shekara talatin da ɗoriya, ina zaune a wani ɗan flat na haya a unguwar Stratford, kuma ina ji da kaina ba kaɗan ba. Wasan kwaikwayo na karanta a Kano kafin aure ya kawo ni Landan. Da wata cibiyar matasan Yahudawa ta ɗauke ni in riƙa koya wa 'yan shekara sha biyar zuwa sha bakwai mu'amala da iya magana ta hanyar wasa da zane, sai na ce faɗuwa ta zo daidai da zama.

Ashe aiki ne ja! Yaran Landan dai, ki ce a yi da'ira sai sun tambayi dalili. Mutum ɗaya ce ba ta ba ni ciwon kai, wata yarinya shiru-shiru mai dogon siket, gwanar zane. Iyayenta masu riƙo da addini ne, da kyar suka bari take zuwa.

Ranar da za mu yi darasin yarda da juna an soke jirgin ƙasan da zan hau, na iso a makare raina a ɓace. Wasan shi ne a ɗaure wa mutum ido, wani ya riƙe hannunsa ya zaga da shi. Na haɗa yarinyar da wani saurayi. Ta matso ta ce mini a hankali ta fi son a haɗa ta da mace. Haba! Har ita ma? Na ɗauka iyayi ne kawai. A gaban kowa na ce kunyar nan ce muka zo mu yi maganinta, na kama hannunta na ɗora a nasa. Ta fizge, ta ɗauki jakarta ta fita, ko kallona ba ta yi ba.

Shugaban cibiyar, wani dattijo mai sanyin murya, shi ya zaunar da ni. Ya ce a gidajen da suka riƙe addini irin nasu, mace ba ta taɓa namijin da ba na gida ba. Sannan ya tuna mini ranar da na zo neman aikin, ya miƙo hannu na dafe ƙirji na ƙi karɓa, shi kuma bai nemi jin dalili ba. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. A allon ajin kuwa ga rubutuna ɓaro-ɓaro, cewa idan mutum ya ce a'a, a tsaya.

Na kira mahaifiyarta na ba da haƙuri. Ta saurare ni cikin mutunci, ta ce 'yarta ta yafe, amma ba za ta dawo ba, domin an yi musu alkawari wuri ne da ake jin maganar yaro. Har yau haushin kaina nake ji. Ni da nake hura wuta kan a mutunta hijabina, ni ce na taka iyakar 'yar mutane saboda ba ta yi kama da ni ba.

Malamai da iyaye, don Allah, idan yaro ya ce a'a a hankali, ku tsaya, kada ku jira sai ya kawo hujja. Zanen da ta fara yana nan a kabad ɗin ajin, hannaye biyu ne, ɗaya ba a ƙarasa ba. Na kasa cire shi.