Daminar da Autanmu Ya Yi a Warra

Kwanakin baya na je Yelwa gaida Inna, sai na ga ta rufe kwanukanta da wani farin ƙyalle mai saƙar furanni. Nan take na gane shi. Mayafin talabijin ɗinmu ne na da, wanda Baba ya sayo shekarar da aka haifi autanmu.

In ka tashi a gida irin namu ka san yadda abin yake. Da an kawo wuta sai a yaye mayafin, mu zube a tabarma. Mu manya, makaranta da aike suna tayar da mu. Autan kuwa babu mai tayar da shi. Inna ta lura in ta zaunar da shi gaban akwatin ba ya kuka, ba ya rarrafawa wajen murhu, sai ta samu ta yi surfenta. In an ɗauke wuta, haka zai zauna yana kallon baƙin gilashin yana jira.

Aka yaye shi, sa'anninsa suka fara surutu, shi ko "Inna" bai iya cewa ba. Komai da yatsa yake nunawa. Baba ya kai shi asibiti aka ce kunnensa lafiya lau. Na sha ganin Inna tana share ido da bakin zane in maƙwabta sun fara cewa ko bebe ne.

Farkon damina Kaka, mahaifiyar Inna, ta zo daga Warra da kwandon bandar kifi. Ta wuni a ɗakin, amma ba talabijin take kallo ba, yaron take kallo.

"Wanga yaro ba bebe ba ne," in ji ta. "Akwatin ga na ta yi mai magana, amma bai taɓa tsayawa jin amsarshi ba. Ku ba ni shi."

Baba ya yi ta jan ƙafa don tsoron ruwa, daga baya ya yarda.

Da aka yi hutu na bi su. Gidan Kaka yana kallon tafki, kullum cikin hayaƙin banda da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na zaci zan tarar da magani, ban ga komai ba sai surutu. Tana fasa kifi tana gaya masa sunan kowanne. Kwale-kwale ya iso gaɓa, ta tambaye shi na wa ne, ta yi shiru tana jira. In ya nuna randa sai ta ce, "Ni ban jin yaren yatsa. Mi kaka so?" Ya yi kuka, ta rarrashe shi, ta sake tambaya. Wata safiya ta ɗaga kifi mai gashin baki, na ji wata 'yar murya ta ce, "Tawwaɗa." Kaka ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ɗauko na gaba.

Lokacin yankan gero autan ya dawo gida da bakin tsofaffi. Ya dubi Baba ya ce, "Ina gajiya, ɗan nan?" Inna ta yi dariya har da hawaye.

Baba ya ce lokacinsa ne kawai ya yi. Inna ta ce bakin tsohuwa ne. Ba su taɓa daidaitawa ba, amma Baba ya mayar da akwatin ɗakinsa, ba a kunnawa sai bayan la'asar.

Yanzu ni ma ina da ƙaramin yaro, kuma waya ba ta jiran a kawo wuta. Nakan ɓoye tawa, in ba shi ita in aiki ya sha kaina, ina ta tunanin me take koya masa, me take hana shi. A wannan zuwan na bar shi wajen Inna don ta ja shi da hira. Da na dawo na tarar da su kai da kai a kan wayarta, suna kallon wani biri yana satar mangwaro. Ita tana tambaya, shi yana ta bayani da hannu da baki. Na daɗe a bakin ƙofa ban san ko in karɓe wayar ba. Na ƙyale su, na tafi ɗora ruwan shayi.