Allurar da Tena Ta Miƙo Mini

Ranar Lahadi ce, an gama waƙa, Fasto Sipiyo ya miƙe yana karanta wasiƙun cigiya kamar yadda ya saba tun da aka 'yanta mu. Sai na ji sunana. Wata mata ce daga Texas, wai ita Rina, ta ga cigiyar da na sa a jarida. Ta ce Tena mai ɗinki ta rasu cikin sanyin da ya wuce, a hannunta, bayan shekara tara suna zaune kamar 'yan ciki ɗaya. Allah Ya yafe mini, kafin kuka ya zo, Rinar nan ce ta fara tsaya mini a wuya. Wace ce ita da za ta samu shekara tara?

Dama tun muna yara nake kishin Tena. A bukka ɗaya muka tashi, a gonar Tolliver da ke Karolina ta Kudu, akushi ɗaya muke shan faten masara. Muna shekara goma uwargida ta duba yatsunmu, ta ɗauke ta zuwa babban gida, ni kuwa aka rataya mini buhun auduga. Ta yi takalmi, na yi faso. Duk Lahadi sai ta gangaro da ɓawon burodi a aljihu, ni kuma in ci ina hararar ta.

A ƙarshen 1860 aka sa ta ɗinka 'yan furannin shuɗin ƙyalle, waɗanda farar fata ke maƙalawa a hula don a san suna son jiharmu ta ɓalle daga Tarayyar jihohin ƙasar. Ta zo mini yatsunta duk huda.

Na ce, "Sannu, 'yar gatan uwargida. Yau ma ado ake yi wa hulunan manya?"

Ta ce, "Ke Minda, bakinki ya fi ƙayar auduga. Kin san me furen nan yake nufi? Ni da ke."

Tana jin hirar iyayen gidanmu in tana ɗinki a lungun ɗakin cin abinci. Wai sabon shugaban da jihohin arewa suka zaɓa ba zai bari a kai bayi sababbin ƙasashen yamma ba. Wai bawa in ya gudu arewa, mutanen can ba sa mayar da shi. Ubangida ya buga tebur ya ce yau a hana su yamma, gobe a shigo har gona a kwance mu, gara su raba gari tun da wuri. Ni kuwa abin da ya ɓata mini rai shi ne, ko labarin sarƙar da ke ƙafata ma ita ke riga ni ji.

Da yaƙin da ya ɓarke tsakanin arewa da kudu ya matso, mijin Mis Lavinia, 'yar gidan, ya ce zai kwashe bayin gida zuwa Texas, inda sojan arewa ba za su kai ba. Mu bayin gona za a bari. Tena ta zo da gudu, allura da zare a hannu.

"Wata biyu ya rage. In kin iya kalmasa da ɗinke maɓalli, zan ce ina buƙatar mai taya ni. Zauna in nuna miki."

Na dubi farin hannun rigarta, na dubi nawa. Na ce ban yi lalacewar da za ta zama malamata ba. Lahadi takwas tana zuwa da allurar nan, Lahadi takwas ina ce mata kaina na ciwo.

Da hantsi keken shanun ya tashi. Ina bakin shinge da buhuna, ina cewa a raina ga ta nan za ta ga duniya a zaune. Ta leƙo, ta soke allurar a wuyan rigata.

Ta ce, "Riƙe, mai taurin kai. In kin koya, ki biyo ni."

Na ce, "Je ki, can ma sai kin samu wadda ta fi ni."

Ta yi dariya, idonta jawur. "In samu wa? Wa zai riƙa harara ta kamar ke?"