Sunayen da Jikana Ya Goge

Ni karatuna a aji huɗu ya tsaya, a nan Gwandu, ranar da malam ya ce in zana taswira na zana masa akuya. Don haka duk abin da zan faɗa a kan imel a riƙe shi da hannu biyu, magana ce ta masani. Abin da na iya kawai dillancin shinkafa, shekara arba'in tsakanin Gwandu da kasuwar Kalgo, har gwiwa ta ce ta gaji.

Jikana na fari shi ya gaji sana'ar, amma da takalmi sau-ciki. Yana sayen shinkafar fadama daga Ceberu da Dalijan, mata su turara, a kai inji, ya zuba a buhu mai hotonsa. Shekara shida yana tara sunayen masu saye: masu gidajen abinci a Legas, masu makarantun kwana, 'yan kasuwar Abuja. Duk mako sai ya aika musu wasiƙa ta imel, da wata manhaja da ke rarraba wa kowa lokaci guda. Masu manhajar kuwa jangali suke karɓa, kowane suna da kuɗin kansa, kuma da dala. Da dala ta hau, sai na ga jikan nawa ya fara rama ta wuya.

Wata Juma'a da damina muna zaure da baƙi, ya shigo ya ce ya samu mafita. Ya kunna mana bidiyon wani gwanin intanet, yaro mai gemu kamar an ja da biro, zaune gaban motar da ban yi zaton tasa ba ce. Gwanin ya ce duk sunan da ya yi wata uku bai buɗe wasiƙarka ba, gawa ce, ka goge, kuɗinka ya ragu.

Ashe kafin nan jikana ya je Kalgo wurin wani mai shagon buga takardu, mutum shiru-shiru mai tabarau ɗaure da zare. Shi ya ce masa kada ya goge kowa. Ya ce gara ya kwashe sunayen ya ajiye kwafi, ya koma wata manhajar mai araha wadda ke cajin yawan wasiƙa, ya kuma rage damun mutane duk mako. Jikana ya ba mu labarin yana dariya. Wai ya duba, mabiyan mutumin a intanet ba su cika motar haya ba, gwaninsa kuwa ya fi garin Gwandu jama'a.

Na ce, "To kai ja'iri, su waɗanda ba su buɗewa ɗin, su wa ke nan?"

Ya ce, "Tsoho, wanga ba awon tiya ba ne. Kai mutum nawa ke bin ka, ban da kaji in ka fito da tsaba?"

Baƙi suka kwashe da dariya. Ni ma na yi, tunda wasan jika ne, ba a kai shi gaban alƙali. Amma na haɗiye sauran maganata, kuma da gangan na haɗiye.

Ga abin da na haɗiye. Babban mai sayen shinkafa ba ya kallon dillali da damina. Ya san tsohuwa ce a rumbu, ga tsada, mi zai buɗe wasiƙa ya gani? Sau ɗaya yake neman ka, in an yi girbi, ya ɗauki mota guda ya ɓace sai baɗi. Masu buɗewa duk mako su ne marasa aikin yi, masu kallon hoton buhu su ce masha Allah. Maƙwabtanmu Fulani ba su sayar da saniya don ta ƙafe da rani. Wannan ko akuyar da na zana ta sani.

Ya goge. A gabana ya danna, manhajar ta tambaye shi ko ya tabbata, har sau biyu, abin da ni ban yi ba. Fiye da rabin sunayen suka tafi. Kwafi kuwa bai ajiye ba, tunda shawarar mai tabarau ce. Wata huɗu yana biyan kuɗi kaɗan, yana wuce ni a kan babur yana ɗaga mini yatsa.

Aka yi girbi. Ya cika ɗaki biyu da shinkafa har rufi, ya aika wasiƙar sabuwar shinkafa ta iso. Kusan kowa ya buɗe, ya zo yana nuna mini. Na ce, "Madalla. Buhu nawa?" Wata mata a Kaduna ta nemi rabin buhu. Wani ya tambaya ko ana ba da ta ɗanɗano.

Ya rubuta wa gwanin sau uku. Amsa ɗaya ta zo, ta gayyatar shiga sabon aji. Ya koma Kalgo da hula a hannu, mai tabarau ya duba ya duba ya ce abin da aka goge ya gogu. A bakin shagon kuma ya ga tirela ana loda mata shinkafar wani dillali ɗan Dangoma, wanda mai tabarau ke aika wa masu sayensa wasiƙa sau uku kacal a shekara. Jikana ya gane sunan da ke jikin takardar direban. Mai sayen shinkafarsa ne, shekara biyar, cikin waɗanda ya goge.

Ƙwari suka shiga ɗaki ɗaya kafin azumi. Sauran ya karyar a kasuwar Kalgo, tiya-tiya, awon da ya ce ba nasa ba. Babur ma ya tafi.

Ranar da ya sayar da babur ya same ni a zaure, ya zauna ƙasa.

"Tsoho, ka san haka za ta faru?"

"Na sani."

"Mi ya hana ka faɗa mini?"

"Ina can ina ba kaji tsaba."

Na jira ya rama, don na tanadi wata a bayanta wadda ta fi wannan zafi. Bai rama ba. Ya tashi ya kakkaɓe wando ya ce a huta lafiya.

Yau shekara biyu ke nan. Kullum da safe yana zuwa ya durƙusa, ya gaishe ni da ranka ya daɗe kamar wani hakimi, ya tambayi gwiwa, ya tafi. Ban sake jin ya ce mini tsoho ba. Waccan maganar da na tanada har yanzu tana nan, ban samu inda zan sa ta ba.