Alhaji a Kan Tankin Gazuwal

Gamkalle

Tun kafin kiran assalatu na bar gidana a Yamai, ina jan rago da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da ƙunshin atamfa da goro. Ba mu daɗe da samun 'yancin kai ba, kuma daminar shekarar ta yanke hanyar mota. Matata Hadiza ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a Gotey, ta haifi namiji, ɗanmu na fari, suna kuma washegari da safe. Sunan yaron yana bakina ni kaɗai. Tun ranar da muka rufe mahaifina Malam Isufu a Maradi na yi alkawari ɗana na fari sunansa zai ci. Ban faɗa wa kowa ba, so nake in raɗa wa liman da bakina.

A bakin ruwan Gamkalle wani jandarma mai sabon kaki ya duba takardar lanhona, wato ta haraji, ya duba haƙoran ragon kamar shi zai saya, sannan ya ce in wuce. Jirgin na Alhaji Na-Allah ne, wani attajirin Damagaram mai rumfuna a Babbar Kasuwa, kusa da inda nake ɗinki. Dogon kwale-kwale ne da aka ɗaura wa inji. Alhaji ya ce ba zai karɓi kuɗin ɗaukar rago ba, na yi ta godiya, ban san bakina aka ɗaure ba.

Mai tuƙin, Hamani, Bazabarme ne haifaffen Yamai, kuma 'yar Alhaji yake aure. Tankin gazuwal yana tsakiyar jirgi ƙarƙashin wani faffaɗan katako. Ba shi da agogon da ke nuna mai. Sai an ɗaga katakon, an kwance murfi, an tsoma wata sanda mai tsage-tsage, a ga inda ta jiƙe. To, katakon nan shi ne wuri mafi tsabta da bushewa a jirgin, don haka nan aka shimfiɗa wa Alhaji darduma tun kafin kowa ya iso. Ya zauna ya harɗe da tasbaha da buta, yana kallon ruwa kamar shi ya haƙa kogin.

Hamani ya fito da sandar, ya tsaya daga nesa yana jujjuya ta.

Alhaji ya ce, ba tare da ya dube shi ba, "Jiya na ce a cika. A tashi."

Hamani ya durƙusa, ya ce, "To, Baba." Ya soke sandar a gefensa, ya ta da inji.

Bubon

Da hantsi muka tsaya Bubon don sauke gishiri. Fasinjoji suka fita sayen fura da soyayyen kifi, ni ma na sayi na dala biyu. Alhaji bai motsa ba, sai aka kai masa nasa har kan darduma. Na ja Hamani bayan wata bishiya.

"Aboki, ka ga gazuwal ɗin nan da idonka?"

"Wallahi ni ban gani ba. Baba ya ce a cika."

"Wa ya ce wa?"

"Ni ban tambaya ba."

"To je ka auna mana."

Ya dube ni kamar na ce ya tuɓe wando a kasuwa. "Ni in ce ma Baba tashi? Uban matata? Kai kana iya ce ma naka haka?"

Na ce nawa ba ya zama kan tankin mutane. Amma a raina na raina shi ƙwarai: ƙato mai gemu, wanda ya san kowane dutse a kogin nan, yana rawar jiki gaban darduma.

Da muka koma jirgi na gwada da kaina. Na rusuna, na ce, "Alhaji, Allah ya ƙara girma, ruwa yana da ƙarfi bana, inji kuma yana sha da yawa. Ko za a ɗan leƙa tankin?"

Ya gama jan tasbaharsa tukuna. "Tela, ƙarya kake zaton na yi?"

"Subhanallahi, Alhaji."

"To kula da ragonka, yana cin buhun mutane."

Jirgi ya yi tsit. Mutum kusan ashirin, har da wani malamin lakkal, wato makarantar boko, mai tabarau da ya yi ta yi mana huɗuba tun safe a kan cewa yanzu ƙasa tamu ce, ba mai taka mu. Shi ma sai ya shiga goge tabarau.

Karma

Mun wuce Karma bayan azahar. Na sa rai sallah za ta ta da Alhaji, ta kuwa ta da shi, amma a kan katakon ya yi ta, ya sallame ya koma ya zauna. Duk tsawon hanyar nan Hamani yana tuƙi da hannu ɗaya, yana shafa sandar awo da ɗayan, kunnensa na kan inji.

Gab da la'asar injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Jirgin ya ɗan tsaya, sannan ya juya hanci, ruwa ya fara mai da mu inda muka fito. Gora ɗaya ce a jirgin, ba ta kuma taɓa ƙasa.

Sai a lokacin Alhaji ya miƙe, don kansa, ya ce a duba masa abin da ya faru. Hamani ya ɗaga katako, ya kwance murfi, ya tsoma sanda. Ta fito a bushe ƙayau, ko warin mai da kyar take yi.

Alhaji ya dubi sama, ya dubi fasinjoji, ya ce, "Ba a cika ba ke nan." Daga baya muka ji ashe wani yaron shagonsa ya ce wa a cika, yaron kuwa ya ɗauka Hamani ake nufi. A wurin Alhaji, in ya ce a yi abu, to an riga an yi.

Hamani ya sunkuyar da kai. "Laifina ne, Baba."

"Na yafe maka," in ji Alhaji, ya sa aka mai da katako aka gyara masa darduma.

Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan yammacin ba. Ina zaune ina kallon bishiyoyin da muka wuce ɗazu suna sake wuce mu. Wasu Sarkawa masu su ne suka jefo mana igiya suka ja mu gaɓa, suka sauke mu a bukkokinsu, suka ba mu tuwo da miyar kifi. Da asubar suna, ina bakin kogi rago yana kuka a bayana.

Gotey

Gazuwal sai an koma Yamai, don haka na yi jinga da Basarke ɗaya ya kai ni da ƙaramin jirginsa. Hawan ruwa da gora a damina ba wasa ba ne. Mun kwana a hanya, muka shiga Gotey rana ɗaya bayan suna.

Ƙanin Hadiza ya tare ni a ƙofar gida, ya karɓi igiyar rago, ya kai ni zaure. Surukina yana zaune kan buzu. Na cire takalmi, na durƙusa daga nesa, idona a ƙasa.

Ya ce, "Mun jira ka har rana ta take. Liman ya ce ba a tsallake bakwai. Na yanka nawa ragon, da kuma aka tambayi suna ba wanda ya san nufinka, sai na ba yaron sunana."

Maganar mahaifina ta zo mini har maƙogwaro. Na ji bakina ya ce, "Madalla, Baba. Allah ya raya."

Yamai

Na kwana biyu, na ga yaro lafiyayye, na biyo jirgin hatsi. Gangara ba ta bukatar inji, yini ɗaya muka sauka Gamkalle da magariba. Na gode wa Allah da ya maido ni gida lafiya, na gode wa Sarkawan da suka ciyar da mu ba su san mu ba. Alhaji kuwa na riga na yi masa godiyarsa tun a bakin ruwa, ta ishe shi.

Washegari 'yan kasuwa suka yi ta zuwa rumfata barka, kowa yana tambayar sunan yaro. Sunan surukina ba abin da zai fito daga bakina ba ne, sai in yi ta kame-kame, su yi ta matsa mini. Can da rana Hamani ya zo, ya zauna gefen keken ɗinki.

"Yaya aka sa ma yaro?"

Na dubi ƙasa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Allah shi raya." Shi kaɗai ne bai sake tambaya ba.